Lambun roba a bakin fadama

A hunturun da ya wuce wani ƙanena, ɗan baffana, da ke aiki a Haɗeja ya kira ni ya ce in zo, 'yarsa ta cika shekara shida, za a yi mata abin da yaran yanzu ke kira bazde. Na je. An shimfiɗe tsakar gida da koren kafet mai kama da ciyawa, an rataya furannin roba a jikin garu, ga balan-balan kore da ruwan ɗorawa, ga kek an zana masa malam-buɗe-littafi. Matashiyar da ta yi kwalliyar wurin ta ce min wannan shi ake kira bikin lambu, a waya uwar yarinyar ta gani ta ce irinsa take so. Ina kallon yarinyar tana shafa furen da ba ya ƙamshi, sai hankalina ya tafi Guri, inda kakanta yake da lambu na gaske a gefen fadama. A daidai wannan lokaci albasarsa ta fara kai, tumatir ya fara ja, kankana ta yaɗu. Yarinyar ba ta taɓa taka wurin ba. Na tambaye ta daga ina tumatir yake fitowa, ta ce daga kasuwa.

Ba zan shiga muhawarar halasci ko haramcin bikin zagayowar ranar haihuwa ba. Akwai malaman da suke ganin koyi ne da baƙin al'adu, gara a bar shi, akwai masu cewa al'ada ce kawai, hukuncinta yana bin abin da aka yi a cikinta. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa. Abin da na sani shi ne sanin ranar da aka haifi yaro alheri ne, kuma iyayen da suka je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa suka karɓo wa ɗansu takardar haihuwa sun yi masa gata. Kakanninmu ma ba su yi sakaci da ranar ba, a cikin suna suke ajiye ta: Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Laraba, Ɗanjuma da Jummai. Wanda ya zo duniya ana tsakiyar noma a ce masa Nomau, wanda ya zo ana tafka ruwa a ce masa Anaruwa. Tsofaffin Guri har yau in ka tambaye su shekarunsu, da wata babbar ambaliya ko shekarar fara za su auna maka. Lissafin haihuwarmu da ƙasa da ruwa aka ɗaure shi tun asali.

Bayan an watse na tambayi ƙanen nawa abin da ya kashe. Da ya faɗa, sai na ga ya kai kuɗin takin da mahaifinsa yake nema ido rufe a wannan makon. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, ai yara ne. Kada ta ga ana yi wa ƙawayenta ita ba a yi mata ba." Na fahimce shi, domin babu uban da yake son ganin 'yarsa ta raɓe a gefe. Amma kuɗin bai dame ni ba kamar abin da na gani a ƙofar gida. An sa wani saurayi ya tsare zaure, yaran da aka gayyata kaɗai ke shiga, 'ya'yan abokan aiki da na makarantar kuɗi. Yaran layin, waɗanda take wasan 'yar gala-gala da su kullum, suna tsaye a waje suna leƙe, tare da almajirai biyu da robobinsu. Wato don kada 'yarsa ta raɓe, an raɓar da yara goma sha. Yarinya mai shekara shida ta koyi a ranar cewa farin cikinta yana da ƙofa, kuma ƙofar tana da mai gadi.

Lambu bai san wannan ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san cewa in ka ratsa ta lambun mutum ka yi masa sannu da aiki, ba za ka wuce hannu rabbana ba. Zai tsinko maka tumatir, ko ya fasa kankana ku ci tare a gindin mangwaro. Matafiyi ya sha ruwa, makiyayi ya sami ɗan ganye, tsohuwa ta roƙi na miya a ba ta. Manoma suna yi ne da sanin hadisin nan da ya nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Sannan akwai gayauna, ɗan yankin da uba ke yanka wa ɗansa a gefen gandu ya ce wannan naka ne, ka noma, abin da ya fito kai ke da shi. Yaro ya fara sanin nasa ta hanyar guminsa, ya kuma fara bayarwa daga abin da ya noma da hannunsa. Ban san wata kyautar ranar haihuwa da ta kai wannan ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi Guri ita kanta. Wannan ƙasa ruwa ne ya yi ta, kuma ruwan ya canza hali. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina yin yadda aka san shi, wato ya cika da damina ya janye da rani. Ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, hanyoyinsa ba sa bushewa, laka ta taru, kacala ta sami wurin zama. Wannan ciyawa ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu sauka a kan shinkafa da gero su bar manomi da kara. Ruwan da ya rasa hanyarsa kuma sai ya bi ta cikin gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita yankunan Jigawa da dama. Mutanen Kadira da Abunabo da Musari ba sa bukatar a karanta musu wannan a jarida, da lauje suke shiga ruwa suna yankan kacala. To, wa zai ci gaba da wannan faɗa nan da shekara ashirin? 'Ya'yan da suka yi karatu, suka zauna a ofisoshin Dutse da Abuja, su ne za su riƙe biro ranar da za a yanke shawarar yashe hanyar ruwan Marma ko a bar ta. In yaro ya girma bai taɓa jin sanyin laka a tafin ƙafarsa ba, sunan Guri a takarda ba zai motsa masa komai ba. Tsuntsaye suna tasowa daga Turai su ƙetare Sahara don su yi hunturu a dausayin Baturiya da ke maƙwabtaka da mu, masana suna biyo su da na'urar hangen nesa, mu kuma muna sayen hoton tsuntsu na roba muna mannawa a garu.

Don haka ga wanda ya yi niyyar yi wa ɗansa bikin lambu, ina roƙonsa ya kai shi lambu. A nemi izinin mai wurin tun da wuri, a tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe, domin ba a kai yara cikin magani. A tafi bayan la'asar, rana ta yi sanyi, a shimfiɗa tabarmin kaba a inuwa nesa da injin ban ruwa da bakin rijiya. Manya su fi biyu, ido a kan yara, kada kowa ya shiga kududdufi, saboda nutsewa da kuma tsargiya da ke cikin ruwan da ba ya gudu. Abinci ba sai an wahala ba: dafa-duka da shinkafar gida, soyayyar tarwaɗa, zoɓo, goruba, da kankanar da yaran za su zaɓa da kansu bayan an koya musu yadda ake ƙwanƙwasa ta a gane ta nuna. In yaron ya ƙwallafa rai a kan kek, a yi masa ƙarami, ba laifi ba ne yaro ya so zaƙi. A gayyaci yaran layi gaba ɗaya, fili ba ya cika. Sannan a ware wa mai ranar kwami guda, a ba shi dashen albasa ko na tattasai ya kafa da hannunsa, ko a ba shi ɗan mangwaro ya dasa, badi ya dawo ya tsaya kusa da shi a ga wanda ya fi wani tsawo. Kafin a tashi a tsince kowace leda, a yi wa mai lambu godiya da ɗan abin hannu, a yi wa yaron addu'a.

Na san za a ce ba kowa ke da lambu ba, kuma ba kowace uwa za ta iya fita da yara bayan gari ba. Gaskiya ne. Amma tsohon bokiti da ƙasa da ɗan takin akuya sun isa a shuka zogale ko alayyahu a tsakar gida, kuma ƙofar zaure babu abin da ake kashewa wajen barinta a buɗe. Haka nan kada a ce lambu na maza ne. Mata ne ke busar da kuɓewa da tattasai, su ke surfe, su ke turara shinkafa, kuma a hannunsu amfanin gona yake zama abinci. 'Ya mace tana da haƙƙin ganin inda yake farawa.

Da na koma Guri na ba baffa labari, har da amsar da jikarsa ta ba ni a kan tumatir. Ya yi shiru yana gyara bakin wani kwami da fartanya, ruwa na bin ƙafarsa. Can ya ce: "Ka ce wa ubanta ya kawo min ita kafin a cire albasa." Ya nuna min wani ɗan wuri kusa da gindin gwaiba, ya ce ba zai dasa komai a nan ba sai ta zo.