Kashe fitilar mai ba gyaran inji ba ne

Duk mai bin hanyar Sokode zuwa Dapaong ya saba ganin mota a gefen titi, an jera ganye a kan kwalta, fasinjoji sun fake a inuwa suna jiran wata. In ka tambaya, sai a ce maka inji ya buga. Daga nan a ɗora laifin a kan tsufan mota, ko zafin arewa, ko a ce tsautsayi ne. Ni dai ban yarda ba. Da yawa daga cikin injinan nan sun daɗe suna kuka ta bakin jar fitilar nan mai siffar buta, mu ne muka toshe mata baki.

Abin da ya kamata kowane direba ya fara sani shi ne, fitilar ba yawan baƙin mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Famfo ne ke zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ya bi da shi ta filta, ya tura shi cikin ƙananan hanyoyi zuwa inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Tsakanin babban sandan da ke juyawa da 'yan faifan da yake kwance a kansu, waɗanda makanikai ke kira kusine ko metal, tazarar ba ta kai kaurin silin gashi ba. Wannan ɗan man da ke tsakani shi ne ran inji. Lafiyayyen inji da ya yi zafi, yana gudu a hanya, yakan ba da kamar bar 2 zuwa 4 a agogon awo. Fitilar kuwa, a motoci da yawa, ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗo ƙasa da rabin bar. Ka ga ke nan ranar da ta kama, magana ta riga ta yi nisa.

Me ke kawo faɗuwar? Na farko, ƙarancin man kansa, ko yana yoyo ko injin na ƙona shi ya fita hayaƙi. Irin wannan motar takan yi shiru a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ta shiga hawa da kwana a wajen Alejo ko Defale, ɗan man da ya rage ya karkata gefe guda, famfo ya zuƙi iska, fitila ta ƙifta. Na biyu, mai ya tsinke. Zafin Dapaong a watan Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, ga lodi ya fi ƙarfin mota, ga lagireto ya toshe, sai mai ya koma kamar ruwa. Haka ma in fetur na zurarewa cikinsa. Na uku, ragar bakin famfo ta toshe da dauɗa, saboda an daɗe ba a yi juye ba, ko ƙurar hunturu ta samu hanya, ko an lafta gam wajen liƙe kasko har gutsattsarinsa suka faɗa ciki. Na huɗu, famfon ya gaji, ko bawul ɗinsa ya maƙale a buɗe. Na biyar, kusine sun cinye, tazara ta buɗe, mai na tserewa kafin ya yi ƙarfi. Alamarsa, fitila ta kama in inji ya yi zafi kana tsaye, ka taka totur ta mutu. Sai na ƙarshe, ɗan makunnin fitilar ne ya lalace, injin lafiya lau.

To, a kan wannan na ƙarshen muke cutar kanmu. Tunda shi ne mai araha, kowa shi yake so ya ji. "Maigida, waya ce kawai," in ji yaron gareji, sai a zare wayar, fitila ta mutu, kowa ya tafi da murna. Alhali ba wanda zai iya rantsewa cewa makunni ne sai an kwance shi, an ɗaura agogon awo a gurbinsa, an karanta lamba inji na da zafi. Aikin bai kai rabin awa ba. Garejin da ba shi da wannan agogo, a ganina, bai cancanci ya yanke wa inji hukunci ba.

Ɗabi'a ta biyu ita ce zuba mai mai kauri don fitila ta yi shiru. Ban ce kauri laifi ne ko da yaushe ba. Manyan motocin dizal da ke ɗauko kaya daga tashar ruwan Lome zuwa Sinkase, 15W-40 shi ne abincin yawancinsu. Tsohon inji ma ana iya ƙara masa kauri mataki ɗaya don ya ja kwana, in mai motar ya san lallaɓawa ake yi kafin a sauke shi. Amma ƙaramar Toyota da kamfani ya rubuta mata 5W-30, ka ɗura mata 20W-50, ko man kwalba da ba a san asalinsa ba, ka jinkirta isar mai saman inji da asuba ne kawai. Araha ba ta ado. Wanda kuma ya yi haka don ya ɓoye ciwon mota ya sayar wa ɗan'uwansa, sunan abin da ya yi ha'inci, ko da ciniki ya faɗa da sallama.

Ɗabi'a ta uku: "mu lallaɓa mu kai Kara." Na san direba yana da hujjarsa. Mai mota na jiran kuɗin yini, fasinja na hayaniya, tsakanin Kante da Sansanin Mango gareji ba a ko'ina ba. Ga kuma yankin Savanes da aka sa wa dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022, ba mai son dare ya yi masa a daji. Duk na ji. Amma inji ba ya jure rashin mai na kilomita goma, wani lokaci minti biyu ya ishe shi. Wanda ya tsaya nan take, ya kashe mota, ya duba sandar awo, wataƙila lita ɗaya ce matsalarsa. Wanda ya ci gaba, zai kwana a dajin da yake gudu, ga kuɗin janwe, ga na wani injin.

Saboda haka nauyin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba. Alhaji mai mota, gaya wa direbanka a fili cewa in ya tsaya saboda jar fitila ba za ka cire masa ko dala ba. Tsoronka ne ke sa shi taka totur. Shugabannin tasha a Sokode da Dapaong, kamar yadda kuke duba layi da lodi, ku sa ido: kafin a tayar da inji, in an murza makulli, dole fitilar mai ta kama, in ya tashi ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wani ya taɓa ta. Mai zuwa Lome sayen motar hannu, kada ka yarda da gwajin sanyin safiya. Bari ta yi zafi sosai, ka bar ta tana aiki a tsaye, ka kalli fitila, ka saurari ƙasan inji. Makanikai kuma, ku sayi agogon, ku koya wa yaranku karanta shi.

Tafiyar kusan kilomita 300 ce tsakanin garuruwan nan biyu, da mata da yara da jarin mutane a cikin mota. Goge sandar awo kowace safiya bai fi minti ɗaya ba. Allah Ya kiyaye hanya.