Ƙugin Da Ake Ji Cikin Dare: Anya Laifin Rana Ne?

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta tashi a rumfarmu ranar kasuwa. Wani ɗan'uwa ya ce wai ƙugin nan da wasu ke ji cikin dare a Turai da Amurka, kamar an bar babbar mota a kunne daga nesa, rana ce ke jawo shi. Ni dai ban yarda ba.

Ƙugin kam akwai shi. Mutanen Bristol a Ingila sun yi ta kuka da shi tun shekarun 1970. A garin Taos na Amurka har masana suka je da na'urori a 1993, suka dawo ba su gano tushensa ba, kuma kusan mutum 2 ne cikin 100 ke jin sa.

Ita ma rana tana da nata tashin hankalin, wanda ke ƙaruwa kusan duk shekara 11. A watan Maris na 1989 guguwarta ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada har awa 9. Mu masu kama gajeren zango mun san yadda rediyo ke ɗaukewa da rana tsaka idan ta yi wannan aman wuta. Haka kuma guguwar takan tura wuta cikin dogayen wayoyi, manyan taransifoma su ƙara gurnani. To a nan kaɗai na ga maganar ɗan'uwan nawa tana da ƙafa.

Amma jama'a, sauti ba ya tafiya inda babu iska, ga kuma kilomita miliyan 150 tsakaninmu da rana. Guguwar kwana ɗaya ce ko biyu ta wuce, ƙugin kuwa shekara da shekaru. Dubi Windsor a Kanada: tun 2011 suke fama, sai a 2020 da aka kashe tandun masana'antar ƙarfe a tsibirin Zug, tsallaken kogi, abin ya yi shiru. Rana kuwa ba ta fasa fitowa ba.

Abin da ya sa na damu shi ne wani maƙwabcina. Wata uku ba ya barci, aka ce masa iska ce, ya sayar da tunkiya ya sayi hayaƙi. Ashe janareton eriyar waya ne da aka kafa a bayan gari.

Saboda haka duk mai jin irin wannan ya fita waje cikin dare ya saurara, ya tambayi maƙwabta, ya lura ko yana tsayawa idan an ɗauke wuta ko an kashe injin niƙa. In kuwa shi kaɗai ke ji, ko'ina ya je abin na biye da shi, to ya tafi asibiti a duba masa kunne, a kuma auna jininsa.



Naka,
Wani ɗan tireda mai karanta jaridarka.