Man Labanda: Na Ƙamshi Daban, Na Magani Daban

Wannan makon za mu taɓa batun man labanda, wanda tambayoyi suka yi yawa a kansa, musamman daga 'yan'uwa mata na Fatakwal, Anacha da Inugu.

Uwargida, idan kin shiga Kasuwar Creek Road sayen kifi, kika ci karo da 'yar kwalba mai hoton fure ruwan shuni ana sayarwa da araha, ki dakata tukuna. Labanda ba tsironmu ba ne. A Bulgeriya da kudancin Faransa aka fi nomansa, kuma sai an turara fure wajen kilo 100 kafin a tatsi kilo 1 na mai. Abin da ya sha wannan wahala ba ya araha. Mai arahar galibi sinadarin ƙamshi ne da aka haɗa a masana'anta. Ki zuba shi a humra ko turaren wuta, ba laifi, amma kada ki ɗauke shi magani. Na gaskiya yana zuwa a kwalba mai duhu, da sunan tsiron, Lavandula angustifolia, a jiki. Ki duba lambar NAFDAC, ki kuma guji wanda ya wuni a rana kan tebur, domin zafi da iska na sauya shi ya koma mai sa ƙaiƙayi.

Amfaninsa da bincike ya fi goyon baya shi ne kwantar da hankali da ɗan taimaka wa barci. Ɗan taimako na ce. Ɗigo 2 a ƙyalle kusa da matashin kai ya isa. A Jamus akwai kafson labanda mai miligiram 80 da aka amince da shi don damuwa, sai dai wannan an auna shi, an gwada shi. Ba hujja ba ce ta ɗiga na kwalba a shayi. Wadda ta yi makonni ba ta barci, likita take buƙata.

A fata kuwa, ba a shafa shi tsagwaronsa. Ɗigo 1 a ƙaramin cokali na man kwakwa ko narkakken man kaɗe, a gwada a damtse, a jira kwana guda. Kada a zuba shi a sabuwar ƙuna. Ruwan famfo mai sanyi na minti 20 ake fara yi. Ba ya kuma maye gurbin gidan sauro.

Inda na fi damuwa shi ne yara. A 2007 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta kawo labarin yara maza 3 a Amurka da nono ya fara fito musu suna amfani da kayan shafa masu labanda, ya kuma koma da aka daina. Masana na ta muhawara a kai har yau, amma ni dai ba na ba da shi don shafa wa yaro kullum, balle jariri. Mai asma ma a yi hattara. Ƙirjin yaran Fatakwal ya sha baƙar ƙurar da ta addabi garin tun 2016, ba sai an rufe ɗaki an ƙara masa ƙamshi mai ƙarfi ba.

Kwalbar ƙarama ce, ga daɗin ƙamshi, yaro na iya kurɓa. In hakan ta faru, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara yadda muka saba. Man na iya sarƙe shi ya gangara huhu, abin ya fi na farko muni. A goge masa baki, a ɗauki kwalbar, a nufi asibiti mafi kusa ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, domin magagi da wahalar numfashi kan biyo baya.

Mai juna biyu da mai shayarwa, ku tafi da kwalbar ranar awo ku nuna kafin ku fara amfani da shi.