Renon Marayun Dawa

Sau da yawa yaro yakan tsinci ɗan barewa kwance cikin ciyawa, ya ɗauko shi gida wai maraya ne. Alhali galibi uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, za ta komo. A gida a yi ta ɗura masa madarar shanu ko koko, kafin mako zawo ya kashe shi.

Ba mu hana tausayi ba, amma renon naman daji sai da sani. A ƙasar Kenya an yi wata mata, Daphne Sheldrick, matar shugaban gandun daji na Tsavo, wadda ta sa kanta renon 'ya'yan giwa da maharba suka kashe iyayensu saboda haure. Shekara da shekaru jariran suna mutuwa a hannunta, domin cikinsu ba ya karɓar maiƙon madarar saniya, kafin ta gano haɗin madarar jarirai da man kwakwa. Cikin 1977 ta kafa ƙungiya da sunan mijinta. Ta rasu cikin 2018, amma aikin bai tsaya ba. Masu reno suna kwana tare da marayun, suna shayar da su kowace sa'a uku, in sun tasa a mai da su dawa sannu a hankali. Wannan mayarwa ita ce muke mantawa, mu da mun saba ɗaure biri a turke har ya mutu.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su gargaɗi yara su bar ɗan dabba inda suka gan shi. In an ga rauni, ko gawar uwar, to, a sanar da ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi.