Raddi ga Mai Cewa Kujerar Shugaban Zama Ado Ce

Wani ɗan'uwa mai ilimi ya yi rubutu yana cewa wanda ke jan ragamar zama, a coci ne ko a majalisar dokoki, bai wuce mai raba wa jama'a lokacin magana ba, kuma tun asali yaron sarki ne. Da tarihin Birtaniya ya kafa hujja, don haka can zan bi shi.

Ya fara da suna. Ya ce kakakin majalisa muke kiransa, kakaki kuwa sarki ake busa wa. A nan Malam yana da rabin gaskiya, ba zan tauye masa ita ba. A zamanin sarakunan Tudor sau da yawa fada ce ke nuna wanda za a zaɓa, har Thomas More da ya hau kujerar a 1523 mutumin Sarki Henry na Takwas ne. Amma tushen aikin yana 1376, lokacin da wakilai suka tura Peter de la Mare ya kai kukansu a kan almundahanar fadawan Sarki Edward na Uku. Bakin majalisa ne yake fuskantar fada, kuma saboda wannan baki aka kulle shi a Nottingham.

Sannan ya tsallake shekaru biyu da bai kamata a tsallake ba. A 1629 Sarki Charles na Ɗaya ya umarci Kakaki John Finch ya ɗage zama. Finch ya yunƙura zai tashi, wakilai suka danne shi a kan kujera har sai da aka karanta ƙudurorinsu, domin sun san da ya miƙe zama ya watse. Abin da ado ne kawai ba a kokawa a kansa haka. A Janairun 1642 sarkin nan ya shigo zauren da kansa don ya kama wakilai biyar, ya tambayi Kakaki William Lenthall ina suke. Lenthall ya durƙusa, ya ba shi amsa cikin ladabi cewa idonsa da harshensa sai inda majalisa ta sa su. Sarki ya fita hannu rabbana. Tun daga ranar babu sarkin Ingila da ya sake taka zauren yayin da ake zama.

Hujjarsa ta biyu a kan Cocin Sikotlan take. Ya ce Modareta, wato mai jan ragamar babban taron cocin, shekara ɗaya yake yi, ba shi da ikon yanke hukunci a kan aƙida, saboda haka hoto ne. Malam, ai da gangan aka gajarta wa'adin. Cocin nan ba ya son mutum guda ya zama kai, kuma sarakuna sun gane haka sarai. A 1606 Sarki James na Shida ya ɗora wa majalisun cocin na yankuna modaretoci na dindindin, masu adawa suka ga ta bayan gida ake dawo musu da mulkin bishop-bishop, hakan kuwa aka yi. A 1638 a Gilasgo wakilin Sarki Charles ya ce ya rushe babban taro, ya fice. Modareta Alexander Henderson bai bar kujera ba, taro ya ci gaba, ya soke muƙamin bishop. A Mayun 1843 kuma a Edinbara, David Welsh, wanda ya kamata ya buɗe zama, ya karanta takardar ƙorafi a kan yadda masu ƙasa ke ɗora wa jama'a limaman da ba su zaɓa ba, ya tashi ya fita. Limamai sama da 450 suka rabu da cocin, suka bar albashi da gidaje. Wannan labari yana taɓa ni duk sa'ad da na tuna shi.

Ta ƙarshe, wai rashin jefa ƙuri'a daga mai kujera rauni ne. Kakakin majalisar Birtaniya yana jefawa idan ƙuri'u suka yi kunnen doki, bisa ƙa'idar da ake jingina wa Kakaki Denison na ƙarni na 19: ya bar ƙofar muhawara a buɗe, kada ya ƙirƙiri rinjayen da babu shi. A Afrilun 2019 ƙuri'u suka tsaya 310 da 310 a kan wani gyara da ya shafi ficewa daga Tarayyar Turai. Kakaki John Bercow ya bi wannan ƙa'ida, ya jefa tasa a ɓangaren a'a, gyaran ya faɗi.