Igiyar intanet ta iso, saura masu kula da sabar

Aikin shimfiɗa igiyar intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya ƙunshi cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Sai dai sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ma'aikatu, tana buƙatar wanda zai tsara ta, ya harhaɗa, ya jarraba jurewarta ga zafi, ƙura da ɗaukewar wuta. Ba a koyon wannan a kan allo kawai. Ya kamata makarantun koyon sana'a na Maraɗi, Damagaram da Tawa su samu ɗakunan gwaji, inda ɗalibi zai kwance na'ura ya mayar. Ƴan Nijar mazauna ƙetare ma na iya turo tsofaffin na'urori. In ba haka ba, kuɗin gyara za su yi ta tafiya waje, matasa na zaman kashe wando.