Ra'ayi: A koya wa manhaja faɗin gaskiya idan ta kasa

Duk wanda ya saba tsayawa gaban mai POS a Sandamu ya san wannan tashin hankali: alat ya shigo cewa an cire maka kuɗi, na'ura kuma ta ce ciniki bai yiwu ba. Kuɗin ba sa hannunka, ba sa hannun mai POS. Sai a ce maka matsalar netwok ce, ka nemi kuɗin mota zuwa banki a Daura.

Gaskiya ne netwok na yankewa. Amma abin da zai faru bayan yankewar, mutum ne ke rubuta shi a cikin manhaja. Tura kuɗi mataki biyu ne: a cire daga wannan asusu, a zuba a wancan. Idan aka katse a tsakiya, dole manhajar ta gane, ta mayar da kuɗin, sannan ta faɗa maka abin da ya faru.

Harsunan rubuta manhaja da ake fara tacewa kafin na'ura ta yi aiki da su sun tanadi hanyar yin hakan. A Java, akwai kurakuran da matacin ba zai bari a wuce ba sai marubuci ya faɗi yadda za a yi da su. A Go, aikin da zai iya lalacewa yakan dawo da sakamako tare da rahoton kuskure, domin a duba. Sai dai malalacin marubuci na iya karɓar rahoton ya yar, manhaja ta ci gaba kamar lafiya lau. Wannan ba ganganci ba ne kawai, cin amana ne.

Ko manyan injiniyoyi sun ɗanɗana kuɗar sakaci da kuskure. A ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta. Manhajarta, wadda aka rubuta da harshen Ada, ta yi ƙoƙarin cusa wata lamba a gurbin da ya yi mata kaɗan. Ba a tanadi mafita ba, sai kwamfutar da ke saita mata hanya ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma haka.

A 2020, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware matsalar cinikin POS cikin sa'o'i 72. Madalla, amma kwana uku ba wasa ba ne ga mai sayar da gero wanda jarinsa ke nan gaba ɗaya.

Kirana ga malaman kwamfuta, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura zuwa sauran makarantunmu: kada a ba ɗalibi maki don manhajarsa ta yi aiki sau ɗaya. A kashe masa intanet ana tsakiyar aiki, a shigar masa da lambar banza, a ga abin da za ta yi. Idan ta yi gum, a mayar masa ya sake. Gobe kuɗin iyayenmu ne za su bi ta cikinta.